Asabar a Wusasa, ni da Gwaggo

Tun da asuba Gwaggo ta tashe ni, wai kada hadari ya riga mu hanya. Watan Agusta ne, marka ta kankama, amma ta yi wata biyu tana roƙona in kai ta Wusasa, kusa da Zariya, ta ga majami'ar da aka yi mata baftisma. Muka bar Kaduna da ƙarfe bakwai, kafin tara mun hango duwatsun Kufena.

Na sha jin labarin tsohuwar majami'ar St. Bartholomew, amma sai yau na sa hannuna a jikin bangonta. Ginin ƙasa ne tsantsa irin na Zazzau, kaurin bangon kansa abin kallo ne. Da muka shiga sai sanyi ya rufe mu kamar an shiga zauren wani dattijo a cikin birni. Na ɗaga kai na ga bakunan da suka ɗauki rufin, sun taso daga bango sun lanƙwasa sun haɗu a sama. Azara ce da ƙasa kawai ke riƙe da wannan nauyi, tun 1929. Duk wanda ya san Masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu, zai gane sana'ar gida ɗaya ce.

Gwaggo ta tuɓe takalmi a bakin ƙofa ba tare da kowa ya ce mata komai ba. Na ce, "Gwaggo, ai ba dole ba ne." Ta ce, "Ɗan nan, haka muka taso muka ga iyayenmu suna yi." Ni ma na cire nawa.

Ta zauna kusa da bagadi tana ba ni labari, rabi na san shi, rabi yau na fara ji. Likita Mila, wato Walter Miller na CMS, ƙungiyar mishan ta cocin Ingila, ya zauna cikin birnin Zariya tun 1905, yana magani yana koyar da yara. Daga baya aka fitar da mishan daga cikin ganuwa zuwa nan gindin dutse, a nan aka kafa majami'a da makaranta da asibitin St. Luke. Kakannin Gwaggo kuwa Isawa ne, mabiyan Malam Ibrahim da aka kashe a Kano saboda wa'azinsa game da Annabi Isa. Wasunsu sun taru a Gimi, ciwon barci ya yi musu ɓarna, waɗanda suka tsira da yawa nan suka ƙare. Da ta zo kan Gimi muryarta ta sauka, ta yi shiru, ban matsa mata ba.

Ƙaramin wuri ne, amma dubi waɗanda suka taso a inuwarsa. Janar Yakubu Gowon a Wusasa ya girma, mahaifinsa mai aikin bishara ne. Farfesa Ishaya Audu, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, makarantar nan ya yi. Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932, Likita Mila na cikin waɗanda suka sha wahalar fassara shi. Tun 1997 kuma Wusasa ta samu bishop nata.

Ni dai ba manyan sunaye ne suka taɓa ni ba, ginin ne. Sau da yawa in na ce ni Bahaushe ne kuma Kirista, sai a sake dubana, kamar na faɗi abin da bai yiwuwa. Ga shi nan a tsaye da tubali, magina Hausawa suka cuɗa ƙasarsa. Waɗanda suka fara sujada a ciki ba su nemi gini irin na Ingila ba, da Hausa suka yi addu'a a ɗaki irin na iyayensu.

Abin da ke damuna shi ne ginin ƙasa ba ya son sakaci. Kowace damina sai ta ci rabonta, sai an bi shi da yaɓe, an duba indararo kada ruwa ya kwanta a rufi. Masu iya ɗaurin baka kuwa sai raguwa suke yi, 'ya'yansu sun koma bulo da siminti. Na yi wa kaina alkawari in rani ya shigo zan dawo in tambayi shugabannin majami'a yadda ake sa hannu a gyara, ko da kuɗin makuba ne.

Wajen azahar yayyafi ya fara. Gwaggo ta ce mu ɗan jira ya ɗauke. Ta rera wata waƙar sujada da ta koya tana yarinya, baiti biyu kawai take tunawa, ta maimaita su har sau uku. Mun iso gida bayan magariba, ta yi barci tun kafin mu wuce Jaji.