Maganin da na zubar da hannuna

Har yau idan na tuna ruwan nan da na juye a magudana, sai in ji raina ya ɓaci.

Aikina na digiri na biyu shi ne in kulle metformin, maganin ciwon suga, a cikin ƙwayoyin jel na aljinet, wanda ake samu daga ciyawar teku, don ya riƙa fita sannu a hankali, jel ɗin kuma ya narke daga baya. Haɗin ba wuya: aljinet kashi 2 cikin ɗari da maganin a sirinji, kana ɗigawa cikin ruwan kalsiyam kulorayid. Ɗigo na taɓa ruwan sai ya dunƙule kamar ƙwan kifi, domin kalsiyam na shiga tsakanin zaruruwan aljinet ya ɗaure su.

Ni da wayona sai na ce, in rabin awa na sa su yi ƙwari, to kwana guda fa? Na bar su suka kwana a ciki. Da safe na tace, na zubar da ruwan, na shanya ƙwayoyin.

Da na fara gwajin fitar maganin a zafin jikin mutum, digiri 37, awa biyu a ruwa mai tsamin ciki, pH (ma'aunin tsami) 1.2, sannan a na hanji, pH 6.8, abin da ke fitowa ɗan kaɗan ne. Murna kamar an yi mini albishir da kujerar Makka! Mako uku ina tara alƙaluma, har na fara hango mujallar da zan aika wa.

Malam ya kalli takardar bai fi minti ɗaya ba. "Nawa ne ya shiga ciki tun farko?"

"Allah gafarta Malam, ai duk abin da na auna ne."

"Je ka niƙe su ka auna."

Na niƙe, na auna. Kusan wayam. Metformin ƙaramin sinadari ne mai saurin narkewa a ruwa, ƙofofin jel ɗin kuma sun yi masa faɗi. A daren nan da nake barci ya sulale ya koma cikin ruwan kalsiyam, ni kuma na zubar da shi da safe. Ashe ba riƙe maganin jel ɗin ke yi ba, babu maganin ne.

Yanzu minti 20 nake ba su, ina zuba maganin a ruwan kalsiyam ɗin ma don ya rage guduwa, sannan in lulluɓe su da kaitosan na ɓawon jatan lande. Ruwan da na tace kuwa ba ya barin teburina sai na auna shi a na'ura.

Abin da ya fi ƙona mini rai, auna ruwan nan ba zai ci minti goma ba. Aljinet ɗin da na saya da kuɗin aljihuna ya ƙare a wancan zagayen, sai da na yi wata guda ina jiran wani ya iso daga Legas.