Na sake haɗuwa da Prince of Persia

Daren jiya na shiga shafin Internet Archive, inda ake adana tsofaffin wasanni da manhajoji, na danna wasan Prince of Persia na DOS (tsohon tsarin sarrafa kwamfuta), fitowar 1990. Ban girka komai ba. Baƙin allo ya bayyana, sai ga yaron nan yana gudu cikin kurkuku.

Wallahi sai da jikina ya yi sanyi. Wasan da muke bin layi a kansa gaban kwamfutar yayana, minti 60 kacal ake ba ka ka ceto gimbiya.

Wata manhaja mai suna DOSBox ce ke aiki cikin burauza, tana kwaikwayon tsohuwar kwamfuta sukutum, wasan bai ma san ya bar gida ba. A waya dai babu daɗi, sai da madannai. Da na iso wurin ƙusoshin da ke fitowa daga ƙasa, yatsana da kansa ya nemi Shift don in taka a hankali.