Katin Gwaggo: abin da na kwasa a shekara biyar na shirya biki

Jiya na miƙa makullin sito. Waɗanda muka yi aiki tare sun riga sun ji, saura kuwa gara ku ji daga bakina kafin labari ya zagayo muku da ƙari: na bar wurin Hajiya, mai kamfanin shirya bikin da nake wa aiki a Zariya, bayan shekara biyar da 'yan watanni. Ba faɗa muka yi ba. Na durƙusa na gaishe ta, ta sa mini albarka, ta ce ƙofa a buɗe take. Ƙannen da suka shigo bayana sun matsa in rubuta musu abin da na koya, tunda ni na fi kowa daɗewa. Na zauna zan jero, sai na ga duk abin da na ɗauko yana mayar da ni dare ɗaya, daren Alhamis 16 ga Maris 2023.

Kun tuna yadda watan nan ya kasance. Sha'aban ne, kowa na rige-rigen kai 'yarsa ɗaki kafin azumi, wanda ya kama ranar 23. Ga wahalar takardun kuɗi da ta biyo bayan canjin naira, ka tsaya wurin mai POS kana lallashi kamar bashi ka zo ci, masu dakon kujeru kuma sun ce su ba su san transfa ba. A cikin wannan hali muke riƙe da wani babban biki, 'yar wani Alhaji ta cikin birni. An sa ranar Asabar 18 ga wata da gangan, don zaɓen gwamna na ranar 11 ya wuce tukuna. Kwatsam daren Laraba 8 ga wata hukumar zaɓe ta ɗage zaɓen da mako guda, ya faɗo daidai kan ranarmu. Ranar zaɓe ba a zirga-zirga, mako na gaba kuma azumi. Iyaye suka zauna suka matso da komai: dina ranar Alhamis, ɗaurin aure bayan sallar Juma'a, a kai amarya da yamma.

Hol ɗin da muka kama mai kujera 400 wasu sun riga mu a Alhamis ɗin. Na zaga Sabon Gari da GRA, na leƙa har Samaru, wanda na samu bai wuce 220 ba ko an matsa. Kati kuwa 400 ya riga ya shiga hannun mutane. Hajiya ta ce abu mai sauƙi ne, a buga sabon ƙaramin kati mai ruwan gwal, amarya ta zaɓi waɗanda za a ba. Amarya da ƙawayenta suka kwana a WhatsApp suna tankaɗe da rairaya, da safe suka turo mini sunaye, na raba. Ban tambayi kowa komai ba. A lokacin har ina yabon kaina, na fitar da jaki daga duma cikin kwana biyu.

Da la'asar ranar, muna ɗaura labulen bayan kujerar ango da amarya, Hajiya ta kira ni gefe. Ga abin da ta faɗa, kuma ba zan canza ko harafi ba: “Ke za ki tsaya a ƙofa. Ko uwata ce ta zo ba sabon kati, kada ta shiga.” Mu biyu ne a wurin, sai mai haɗa wuta da ke kan tsani, wanda daga baya ya ce shi bai ji komai ba.

Bayan isha'i hol ya kusa cika. Ina tsaye da ƙarti biyun da muka ɗauka su tsare ƙofa, na riga na mayar da mutum ya kai talatin, kuma a cikinsu aƙalla goma sun rantse mini su gwaggon amarya ne ko innarta. Sai ga Napep ta tsaya. Wata tsohuwa ta sauko a hankali, da wata yarinya 'yar shekara tara ko goma ɗauke da ƙwarya an naɗe ta da ɗankwali. Atamfar jikinta ba anko ba ce, amma sabuwa ce, har layin ninki bai sake ba, ka san daga ƙasan akwati aka ciro ta don wannan rana.

“Sannu 'yata. Nan ne bikin?”

“Nan ne, Mama. Katinki fa?”

Ta kwance bakin zaninta, ta ciro farar leda, ta warware, ta miƙo mini tsohon katin da hannu biyu. Ko lanƙwasa bai yi ba.

Na ce, “Mama, ki yi haƙuri, wannan an soke shi. Sai mai ruwan gwal.”

“An soke?” Ta karɓa tana juya shi gaba da baya, tana neman inda aka soke shi. Wallahi har yau in na rufe ido wannan juyin nake gani. Sannan ta ce, murya ƙasa-ƙasa, “Ni ce yayar uban yarinyar. Ni na goye shi. Daga Soba muke.”

Na kira Hajiya sau biyu, tana ciki tana tarbar matar wani babba, ba ta ɗauka ba. Da zan aika a kira mini uwar amarya, amma ga gaskiyar da ban taɓa faɗa wa kowa ba sai yau: ban san fuskarta ba. Wata biyu ina shirya bikin 'yarta, ban taɓa taka gidan ba. Ni da amarya muke komai, a waya ko a wurin shan askirim. Sai na maimaita wa tsohuwa abin da na faɗa, har da murmushin aiki. Ba ta ja ba. Ta ce, “To, Allah ya sanya alheri.” Ta tsallaka titi ta zauna a dakalin wani shago da aka rufe, yarinyar ta ajiye ƙwaryar a gabanta.

Ta yi kusan awa guda a wurin, ina ganinta, ina kawar da kai. Sai direban Alhaji ya iso da ƙarin katon-katon na lemo. Ya buɗe but, ya hango ta, ya bar but ɗin a buɗe ya tsallaka da gudu, ya tuɓe takalmi ya tsuguna a ƙasa. Nan cikina ya ɗuri ruwa.

Alhaji bai zo ba, kun san irin iyayen nan ba sa zuwa dina, balle ta 'yar fari. Ƙanensa ya turo. Baffan bai ɗaga murya ba, bai ko kalle ni ba. Ya fara sa Gwaggo a mota, sannan ya zagaya baya ya ce wa mai janareta ya kashe. Emsi na tsakiyar kiran abokan ango su fito liƙi, wuri ya yi ɗif. A hasken wayoyi mutane suka fita. Kek mai hawa uku muka mayar cikin kwalinsa ba a sa masa wuƙa ba.

Washegari da sassafe, kafin hidimar ɗaurin aure ta kankama, muka shiga birni ni da Hajiya. A zaure muka tarar da Alhaji. Hajiya ta durƙusa, ta yi ta ranka ya daɗe, sannan ta nuna ni ta ce, “Yarinya ce sabuwa, ba ta san mutane ba. Ni ai na ce mata duk wani babba da ya zo a shigo da shi.” Sabuwa. Tun 2019 nake wurinta, daga gama bautar ƙasa. Ni na riƙe mata sito a kullen korona na 2020 ba albashi, ina zuwa ina shanya labulaye kada su yi fumfuna. Na buɗe baki, na tuna inda nake, na rufe. Alhaji bai ce komai a kan maganarta ba, cewa kawai ya yi, “Ba ni za ku ba haƙuri ba. Tana ciki.”

Hajiya ta ce waya ake mata, in shiga tana zuwa. Ba ta zo ba. Na tarar da Gwaggo a ɗakin uwar amarya, kan tabarma, mata kewaye da ita, duk sun yi shiru da na yi sallama. Na zube ina kuka ina ba da haƙuri. Ta bar ni na gama, sannan ta ce, “Tashi 'yata, ke aika ki aka yi. Jiya kin ci abinci kuwa? Tun da na zauna nake ganinki a tsaye.” Ta sa yarinyar ta dama mini furar da ke cikin ƙwaryar nan, wadda ta yo wa amarya tun daga Soba. Na sha don ba yadda zan yi. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Cikon kuɗin dina ba a biya ba, Hajiya kuma ba ta da bakin tambaya. A albashina ta fanshe, rabi-rabi har wata uku. Ba na neman a mayar mini, na daɗe da yafewa. Na faɗa ne kawai don ƙannena su san cewa umarnin da aka ba ka a gefe, ba shaida, ranar da abu ya ɓaci ba a taɓa ba ka shi ba. Tun daga ranar, kowa ya ce mini yi kaza, sai in ce, “To Hajiya, don Allah a turo mini a waya kada in manta.” Ba na mantuwa. Kowa ya san ba na mantuwa.

Amma laifi tudu ne, kuma na daɗe ina hango na Hajiya kafin in duba wanda na taka. Kuskurena ba a ƙofa ya fara ba, tun ranar da na karɓi aikin ne. A jami'a, a harabar ABU ta Kongo, an koya mana cewa wanda ya biya shi ne mai kaya, sai na ɗauko wannan na shigo da shi gidan biki. Ango ne mai biyan kuɗin dina, amarya ta zaɓi kala, na ɗauka su ne masu biki. Ba su ba ne. A garin nan kowace hidima da mai ita: ɗaurin aure na uba ne da 'yan'uwansa, wuni na uwa ne da ƙawayenta da duk wanda ta taɓa kai wa gudummawa shekara talatin, kamu da buɗar kai sai da matan dangin ango, ango da amarya aro ake ba su na dare ɗaya. Kuma akwai mutanen da ba a ba su kati don a gayyace su, ana ba su ne don girmamawa. Bikin farar kaza, balbela ba gayya. Amarya 'yar shekara 23 ba ta ƙi gwaggonta ba, lambobin da ke cikin wayarta ta bi, Gwaggo kuwa ba ta ciki.

Bayan wannan na sauya hanya. Kowane biki, saura mako biyu, sai in sa hijabi in je gidan amarya in gaida uwa, in je gidan ango in gaida tasa. Tambayata ɗaya ce: “Mama, wa za ki ba ni ta tsaya da ni a ƙofa?” Kullum akwai wata, yawanci bazawarar inna ko matar kawu, wadda ta san kowa har jikokinsa, ta kuma san wa ba ya zama kusa da wa. Ita ta nan, ita ta can, kujera biyu a bakin ƙofa da lemo mai sanyi. Sannan kujera 20 da ba na sa wa a lissafin kowa, ko amarya ba ta san da su ba. Tun daga nan ban sake mayar da wanda bai kamata ba. Yanzu in sabon kwastoma ya zo, ina ji Hajiya na cewa “ai wannan tsarin kamfaninmu ne.” Haka ne, na kamfani ne.

Sauran abubuwan ba su da tsawo. Kada ki sayi ko tsintsiya kafin kuɗin kafin alƙalami ya shigo, kuma ki ga kuɗin a asusunki, ba hoton rasit ba. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023 na daina ba da farashin da zai wuce mako biyu yana aiki, wanda ya ji haushi ya je ya tambayi mai motar ɗaukar kaya. In za ki Kantin Kwari sayen anko ki ƙara turmi biyar a kan lissafi, don zanen da kika gani yau ba lallai ki same shi jibi ba, kuma wadda ta ce ba ta so ita za ta fara kira. Man janareta ki leƙa tankin da idonki. Taron mata da aka ce ƙarfe huɗu, ki shirya wa biyar da rabi, ki kuma san magariba za ta raba shi biyu ko kin so ko kin ƙi. Rumfa a fili a watan Agusta a Zariya, ki ce a'a tun da wuri. Emsi kuwa ki zaunar da shi ki faɗa masa surukai na wurin, don akwai barkwancin da ke tashin aure tun ba a ɗaura ba.

Masu tambayar ina za ni, ban kama shago ba tukuna, daga gida zan fara, a Tudun Wada. Aiki ɗaya ne a hannuna, bayan babbar salla. Ƙanwar waccan amaryar ce. Uwarsu ce ta kira ni da kanta, a lambata, ba ta ofis ba, ta ce Gwaggo ta ce a nemo yarinyar nan mai tsayuwa. Na faɗa wa Hajiya kafin in karɓa, don kada a ce na ja mata kwastoma ta bayan gida. Ta ce Allah ya taimaka, tana duba waya.

Littafin lissafin sito yana cikin durowa ta biyu, na cike shi har ranar Litinin. Kujeru 14 da suka karye suna bayan ƙofa, na rubuta ranar da kowace ta karye da bikin da ta karye a ciki, da wanda ke kan aiki a ranar.