Laraba: wallahi ban gan ta ba

Yau na shiga uku da Gwaggo.

Da safe komai lafiya lau. Koko da ƙosai, yara sun tafi makaranta ba rigima, wuta ma ta kai har ƙarfe goma. Na ce bari in leƙa Kwari in nemo turmin ankon da ya rage, na matar Yaya. Kun dai san atamfar, koriyar nan mai zanen ganye. Na riƙe ƙyallen a hannu ina bin shaguna ɗaya bayan ɗaya, duk inda kore ya gifta sai in waiga. Awa biyu, ban samu ba, na hau adaidaita na dawo.

Bayan la'asar Hajiya ta kira. Ko gaisuwa ba ta bari na ƙarasa ba.

"Ke, me Gwaggonki ta yi miki?"

Wai mun haɗu a kasuwa, na kalle ta ido cikin ido, ta ɗaga mini hannu, na kawar da kai na wuce. Na rantse na maya. Hajiya ta ce, "To makancewa kika yi? Mace guda da hijabinta har ƙasa?" Ta kashe waya.

Ina nan zaune jugum sai ga Auta ta shigo da jakar littattafanta, daga asibitin koyarwa. Na ba ta labari ina jiran jaje, yarinyar nan ta fashe da dariya. Ta ciro waya ta ce in kalli wani ɗan bidiyo: mutum shida suna jefa wa juna ƙwallon kwando, uku da fararen riguna, uku da baƙaƙe. Aikina in ƙirga sau nawa masu fararen suka miƙa wa juna ƙwallo. Na dage, har da motsa baki. Sha biyar.

"Daidai ne, Anti. Kin ga gwaggon birin?"

Na ɗauka tsokana ce, don ta ji sunan Gwaggo a bakina, har na ɗaga hannu zan kai mata duka. Ta mayar da shi farko. Jama'a! Ga mutum cikin shigar gwaggon biri ya ratso tsakiyarsu, ya tsaya, ya fuskance ni, ya daddaki ƙirji, ya fita abinsa. Kusan daƙiƙa tara yana gabana.

Ta ce wasu masana halayyar ɗan Adam ne, Daniel Simons da Christopher Chabris, suka yi gwajin a Jami'ar Harvard ta Amurka, aka buga a 1999, kuma kusan rabin waɗanda suka kalla ba su gan shi ba. Abin da ya fi kama ni: waɗanda aka sa su ƙirga na masu baƙaƙen riguna sun fi ganinsa, tunda shi ma baƙi ne. Wato idan ka ce wa ƙwaƙwalwa fari nake nema, sai ta riƙa zubar da baƙi tun kafin ya iso gare ka. Ni kore na aike ta nema. Gwaggo kuwa tun da na san ta hijabinta ruwan ƙasa ne.

Sai ta sa na miƙe hannu na kalli farcen babban yatsana. Wai iya wannan faɗin ne ido yake gani tar a lokaci guda, sauran duk dishi-dishi ne. Ido yana ta tsalle daga nan zuwa can, sau uku ko huɗu a daƙiƙa, ƙwaƙwalwa tana harhaɗa guntayen kamar mai ɗinkin tsumma, mu kuma muna zaton duniyar gaba ɗaya muke kallo.

Na ce ai ni ba gwana ba ce. Ta ce gwanayen ma haka suke. A 2013, a Amurka, an ba likitoci 24 masu karanta hoton huhu hotuna su nemo ƙananan ƙullutai, aka liƙa ɗan hoton gwaggon biri a ciki, ya ninka ƙullutun sau 48 a girma. Ashirin ba su gan shi ba. Na'urar da ke bin motsin ido ta nuna yawancinsu sun ɗora ido a kansa.

Har na fara jin sanyi. Ga hujja daga Amurka, wa zai ja?

Da ta tsaya a nan da ya fi mini. Tana sa takalmi take ba ni labarin masu shanyewar ɓarin jiki da abin ya taɓa ɓangaren dama na ƙwaƙwalwarsu. Idonsu ƙalau, amma hagu ta fita daga lissafinsu. A ajiye musu tuwo su cinye rabin dama su ce ya ƙare. Namiji ya aske rabin gemu ya bar rabi. Kuma ba su san sun bar komai ba.

Ta tafi, ta bar ni da wannan.

Yaushe rabona da gidan Gwaggo? Na ƙirga. Tun fitarta daga takaba. Azumi ya wuce, salla biyu sun wuce, kullum sai in ce mako mai zuwa. Ba na tuna cewa na manta da ita ma, abin da ya tsaya mini a wuya ke nan.

Bayan isha na kira ta. Ban kawo zancen biri ba, ina da sauran hankali. Na dai ce ta yi haƙuri, wallahi ban lura ba. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Ba komai 'yar nan. An ce ido wanda yake gani yau da gobe shi ya raina. Ashe har wanda ba ya gani." Ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, da sunansu, har da tarin ƙaramin.

Baban yara ya ce zai biya ya sayo goro da turare, Juma'a mu je tare.

Anko har yanzu babu. Miya ta kama.

Kafin barci na nuna wa yara bidiyon. Manyan biyu suka duƙufa ƙirge, suna gardama tsakanin sha huɗu da sha biyar. Ƙaramin, da bai wuce biyar a ƙirge ba, yana kan cinyata yana ja mini ɗankwali: "Umma, biri! Umma, ga biri!"