Hoton da ke waya, ɗakin da ke Sakkwato

A wannan sana'a tamu ta gyaran gida da ƙawata ɗaki, yanzu da wuya a kira ka aiki ba a miƙo maka waya ba. Kafin a gama gaisuwa an buɗe Instagram, an nuna maka falo fari fat mai tagar gilashi tun daga ƙasa har silin, ko kujerun Turkiyya masu ruwan zinariya, a ce irin wannan ake so. Maigidan da ya koya mini aiki birkila ne tun asali, daga baya ya koma harkar silin da fenti, kuma a wurinsa na ga yadda ake karɓar wayar nan. Yakan duba hoton ya yaba, ya mayar wa mai ita, sannan ya fita ya zagaya gidan. Inda rana take faɗuwa yake dubawa, da inda iskar hunturu take bugowa. In ya dawo sai ya tambayi mutum nawa za su kwana a gidan, a ina ake cin abinci, baƙi maza ta wace ƙofa suke shigowa. Sai an amsa masa waɗannan yake yarda a yi zancen launi.

Da farko abin yakan ƙosa masu gida, ni ma yakan ƙosa ni. Amma kowane salo da muke gani a waya akwai ƙasar da aka yi shi dominta. Farin ɗakin nan mai manyan tagogi da kaya kaɗan, na mutanen arewacin Turai ne. A babban birnin Suwidin, a watan Disamba, hasken rana na kamar awa 6 ne kawai, don haka duk dabarar gininsu ta jawo haske ce zuwa cikin ɗaki. Mu kuwa daga Maris zuwa Mayu zafi yakan haura digiri 40, kuma bangon da ya fuskanci yamma yana shan rana tun azahar har magariba. In ka huda wannan bangon ka sa gilashi, ka gama da ɗakin. Na shiga wani sabon gida wajen Arkilla da aka yi wa haka: labule biyu a kan taga, mai kauri da mara kauri, ba a ɗaga su dare da rana, na'urar sanyaya ɗaki tana ta gurnani ba ta iya komai, in an ɗauke wuta kuma kowa ya kwashi tabarma ya fita tsakar gida. An kashe kuɗi an sayi haske, an sake kashe kuɗi an toshe shi. Abin da na ɗauka daga salon nasu shi ne rage tarkace da fenti mai haske, wannan kam yana yi mana. Babbar taga kuwa wurinta arewa ko kudu, kuma da rumfa a kanta.

Ƙura ita ce abokiyar gaba ta biyu, kuma ta fi zafi wayo, don ba a tuna ta lokacin da ake ciniki. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu tana shigowa ta duk wata kafa. Silin ɗin fi-o-fi mai hawa uku da fitilu a ɓoye yana da kyau ranar da aka gama shi, amma kowane hawa kanta ce da ƙura za ta zauna a kai, inda tsintsiya ba ta kaiwa. Ga shi yana cin tsayin ɗaki. Ɗakin da bai wuce ƙafa 10 ba in ka saukar da silin ƙafa ɗaya da rabi, iska mai zafi da ta saba taruwa can sama ta sauko kan mutane, fanka kuma ta dawo kusa da kai. Yanzu nakan ce a yi shi shafe, da ɗan layi a gefe, ragowar kuɗin a sa abin tare zafi a ƙarƙashin kwano, a bar wa rufin kafar shan iska. Taga ma haka: mai zamewa rabi kawai take buɗuwa, kwalbatinta kuma ya cika da ƙasa, mai buɗewa da roba a baki ta fi rufuwa ruf.

Kujerun Turkiyya su ne abin da na fi shan gardama a kai, musamman da mata. Ba na musun kyansu. Sai dai sassaƙar da ke jikinsu da karammiskin da aka lulluɓe su da shi duk maɓoyar ƙura ne, wanda aka yi da ledar kanti kuma zafi yake sa ta ɓarewa kamar ɓawon gyaɗa. Akwai kuma abin da na lura da shi in na koma gidajen da muka yi wa aiki don wani ɗan gyara. Sai in tarar da Alhaji zaune a kan kafet ya jingina da kujerar da ya sayo da tsada, ga tiren abinci a gabansa, yara sun kewaye. Mu mutanen zaman ƙasa ne, a ƙasa muke ci, a ƙasa muke hira, a nan ake shimfiɗa darduma a yi nafila. Shi ya sa zaman majalisa irin na Larabawa, katifu masu tudu kaɗan a jikin bango da matasai, ya fi karɓar falon cikin gida. Rigarsa tana cirewa a wanke, tsakiyar ɗaki kuma a buɗe. Wanda yake son kujerun sarauta sai a kai su falon baƙi, inda ba kullum ake zama ba.

Kicin ɗin da ke haɗe da falo ba bango, irin na gidajen Amurka, shi ma ya fara shigowa. Wani matashi da ya yi karatu a waje ya dage sai mun rushe bangon da ke tsakanin kicin da falonsa. Mahaifiyarsa tana zaune tana sauraro, can ta ce, "Kai ɗan nan, in baƙi maza sunka zo, ina matarka za ta tsaya ta soya tattasai? Ko shina da kyau su zan ka kallon ta?" Sai ta juyo wurin maigidana ta ce, "Malam, kak ka taɓa wanga bango." Ba a taɓa shi ba. Mun buɗe wata 'yar taga mai murfi ta miƙo abinci, kowa ya samu abin da yake so. Hajiya ta faɗi rabin dalilin. Sauran rabin yana cikin tukunya: girkin da ake yi da manja da daddawa da attarugu, hayaƙinsa da maiƙonsa labule da kujera suke bi su zauna.

Inda idona ya buɗe sosai shi ne tsofaffin gidajen cikin gari, wajen Kanwuri da unguwannin da ke kewaye da Hubbaren Shehu. Garin nan tun 1809 da Muhammadu Bello ya kafa shi ake gini a cikinsa, kuma magina na da sun san zafin nan fiye da mu. Shiga zauren ƙasa da tsakar rana a watan Afrilu ka ji. Bangon tubali mai kauri yana shanye zafi a hankali, kafin ya ratso ciki dare ya yi. Tagogi ƙanana ne, can sama. Azarar giginya gara ba ta cin ta da sauƙi, amma ba ta ɗaukar rufin da ya wuce kamar mita 2 ita kaɗai, shi ya sa aka yi dabarar bakan gizo don a samu faɗin ɗaki, kuma wannan lanƙwasar da ta zama ado asalinta larura ce. Makuba daga ɓawon ɗorawa ake samunta a shafe bango don ruwa, laso kuma, wato simintin gargajiya, a haɗa katsin marina da gashin jima da dafara. Tsarin gidan ma duba shi: zaure ya tsayar da baƙo, shigifa ta karya ido, sannan tsakar gida. Masu nuna mini hotunan gidajen Maroko na Fas da Marrakesh, masu fili a tsakiya da ɗakuna a kewaye, nakan ce musu ai gidan kakanku ne aka sa wa tayil.

Ba ina cewa a koma ginin ƙasa ba ne. Yaɓe duk shekara kafin damina wahala ce, masu iya shi kuma sun yi ƙaranci, ga siminti a bakin ƙofa, tunda tun 1967 ake yin sa a Kalambaina. Abin da ke ba ni takaici shi ne yadda ake haɗa su ba tunani. A samu bangon ƙasa a maka masa filastar siminti kai tsaye. Ƙasa tana shan danshi tana fitarwa, siminti kuma ya toshe ta, sai ruwa ya taru a baya. Bayan damina biyu ko uku ka ƙwanƙwasa ka ji yana amsawa fanko, wata rana ya zubo falle guda ya ɗebo bangon. Haka masu ganin gindin bango yana fitar da farin gishiri, fenti yana kumbura, su ce a sa tayil zuwa ƙugu. Tayil ɗin ya ɓoye abin, danshin kuma ya haura samansa ya fito. A yawancin irin gidajen nan titi ne ya yi tudu ya fi ɗaki, ko indararo yana zuba a gindin bango, ko bututu ya fashe a ƙasa. In ba a bi ruwan an gano inda yake fitowa ba, duk adon da aka yi asara ne.

Maganar banɗaki gajeriya ce amma ba a wasa da ita. A Sakkwato alƙibla tana gabas ta ɗan karkata arewa, kuma tun kafin fulamba ya binne bututu ake tabbatar da mazaunin bai fuskance ta ba, bai ba ta baya ba, don in an yi daɓe an gama gyaran sai da fasawa. Tayil mai sheƙi na bango ne. A ƙasa, inda ake alwala da buta sau biyar a yini kuma tsofaffi suna shiga, mai kaushi ake sawa.

Sai ɗakin amarya, inda na fi ganin kuɗi suna kuka. Iyayen yarinya sun yi shekaru suna tari, an je wurin kafinta an zaɓi gado shida da shida, wadirob mai ƙofa shida, madubi da durowar gefe biyu, ba wanda ya je ya auna ɗakin da ango ya kama. Ɗakin kuwa sha biyu da sha biyu ne. Ranar jere mota ta sauke kaya, 'yan jere sun cika gida da guɗa, kan gadon ya ƙi shiga ƙofa. An kwance ƙyaure, an karkata, an goge sabon fenti, da ƙyar ya shiga. Da aka kafa wadirob, mai cin ƙafa 2 daga bango, sai ƙofofinsa suka ƙi buɗuwa don gado ya tare su, taga ɗaya tilo kuma ta koma bayansa. Gwaggon amarya ta dube ni ta ce, "Ɗana, yi muna dabara, kar dangin miji su yi muna dariya." Dabarar da ta rage ita ce a raba wadirob biyu a kai rabi wani ɗaki. Ba a fafe gora ranar tafiya. Tef ɗin awo bai kai kuɗin filo ɗaya ba, kuma tun ranar da aka sa rana ya kamata wani ya je da shi. Jeren kanta ba na raina ta, ko da ta tashi daga ƙorai da kwanukan samira ta koma kabad ɗin gilashi, hanya ce da uwa take nuna ba ta yar da 'yarta ba. Abin da nake roƙo kawai a bar wa yarinya inda za ta shimfiɗa abin salla. Katakon nan da ake yi da garin katako a matse ma a kula, araha ba ta ado: ruwan goge ɗaki in ya taɓa ƙafarsa kumbura yake yi, don haka a ɗora shi a kan 'yan ƙafafu.

Gaggawar biki ce kuma take sa a yi fenti a kan ɗanyen filasta. Siminti yana son kamar kwana 28 kafin ya gama kamawa, a lokacin zafi kuma sai ana ba shi ruwa, in ba haka ba ya tsage. Maigidana ba ya yarda a tsallake layi: rufi tukuna, sannan bututu da wayar wuta, filasta, silin, tayil, fenti, labule a ƙarshe. Masu gida da yawa ta ƙarshen suke farowa, an sayo fitilar lu'ulu'u tana cikin kwali alhali kwano yana yoyo. Nakan ce, "Ranka ya daɗe Alhaji, a mayar da fitilar nan a sayo kwano, silin ɗin da ruwa ya taɓa ba ya gyaruwa." Wasu su ji, wasu su nemi wani mai aikin.

Da kayan gida nake rufe yawancin ayyukana yanzu, in mai gida ya yarda. Fatar jar akuyar Sakkwato ita ce wadda ayari suka riƙa ƙetare Sahara da ita har Turawa suka san ta da sunan fatar Maroko, kuma dukawanmu har gobe suna ɗinka tim-tim da matasai da ita. Tana jure zafin da ledar kanti ba ta jurewa, ƙyalle mai ɗan danshi ya isa goge ta. Bango ɗaya a yi masa fenti ruwan ƙasa da zanen dagi, sauran a bar su fari, a sa tim-tim biyu ko uku, tabarmar kaba mai launi a ƙasa, ƙarfen labule kuma a ba maƙeran Assada su ƙera. Matsalar ɗaya ce, sabuwar fata tana da warin jima, don haka nakan sa a shanya ta a inuwa na 'yan kwanaki kafin a shigar da ita ɗaki.