Ranar da ƙaramin faifai ya tafi da babba

Faifan ajiya uku ne a cikin kwamfutata ta gida, dukansu na ciro su ne daga tsofaffin na'urori: mai giga 250, mai 160, sai mai 500. Windows na kan na 250. Sauran biyun kuwa sun dame ni, domin kullum sai na tsaya tunanin ko hotunan nan a faifai mai harafin D na ajiye su ko a mai harafin E. Bidiyo kan cika na 160 har ya yi ja, alhali ɗaya na zaune da fili.

Sai na shiga Disk Management, sashen Windows na tsara faifai, na mayar da su biyun dynamic, wato nau'in da ake iya haɗawa, na haɗe su a abin da Windows ke kira Spanned Volume. Na zaɓi wannan ne ba wata hanyar haɗa faifai mai suna RAID 0 ba, saboda shi RAID 0 daidai wa daida yake ɗiba daga kowane faifai, wato 160 kaɗai zai ɗauka daga na 500, kuma ni duk filin nake so. Da aka gama, sai ga harafi ɗaya mai kusan giga 614. Ba 660 ba, don kamfanoni da dubu suke ƙirga, Windows kuma da 1024, shi ya sa 160 ke fitowa 149, 500 kuma 465.

Na yi wata goma ina jin daɗinsa. Daga nan na fara jin ƙas-ƙas daga cikin akwatin in na kunna. Wata safiya harafin D ya ɓace ɗungurungum, Disk Management ya rubuta Failed a kansa.

Na 160 ne ya mutu. Na 500 lafiyarsa ƙalau, amma ko fayil ɗaya ban iya buɗewa a cikinsa ba, kuma wannan ne ya fi yi mini ciwo. Dalili shi ne, Windows bai ɗauke su faifai biyu ba, fili ɗaya ne dogo da ya fara daga wannan ya zarce cikin wancan. Tsarin NTFS, wanda Windows ke jera fayiloli da shi, na da kundi, MFT, mai riƙe da sunan kowane fayil da inda yake kwance, kuma yawanci kusa da farkon filin yake. Ni kuwa na 160 na sa a gaba. Kaya na nan a ɗaki, takardar da ke faɗin na wane ne ta ƙone.

Da PhotoRec na ceto abin da ya cetu. Manhajar ba ta neman kundi, tana bin faifan ne tana gane hoto ko bidiyo ta alamar da ke farkonsa. Hotuna da yawa sun dawo, amma babu suna, babu folda, sai lambobi. Na shafe dararen mako biyu ina buɗe su ɗaya bayan ɗaya. Rubuce-rubucena na farko, da hotunan mahaifiyata da na ɗauka kafin rasuwarta, suna ɓangaren da ya mutu. Ba su dawo ba.

Raba faifai ma na gwada shi, a kan na 250. Na ba C, ɓangaren da Windows ke kai, giga 60, sauran na ware don takardu. Ya yi mini rana sau ɗaya, lokacin da na sake saka Windows ba tare da na taɓa takardun ba. Amma 60 ta yi kaɗan, sabunta Windows da manhajoji suka cinye ta, kuma Extend Volume, umarnin ƙara wa ɓangare fili, ba ya aiki sai in akwai filin da ba a ware ba daf da C ta hannun dama. Dole na kwashe takardun, na goge ɓangaren, na sake yanka. Ban da haka, rabon zane ne kawai a kan faifai ɗaya. In injinsa ya tsaya, C da abokinsa tare za su tafi.

Yanzu kowane faifai zaman kansa yake yi. Matsalar haruffa da ta kai ni ga haɗawa tun farko, ashe tana da magani mai sauƙi: a Change Drive Letter and Paths da ke cikin Disk Management, ana iya maƙala faifai a cikin folda wadda babu komai a cikinta. Na 500 yanzu shi ne foldar Bidiyo, ina shiga kamar kowace folda, kuma in ya mutu, shi kaɗai zai mutu. Abin da ba zan juri rasawa ba bai kai giga 40 ba da na auna, don haka yana faifai biyu, da kwafi na uku a faifan waje da nake cirewa in na gama. Duk farkon wata ina buɗe manhajar CrystalDiskInfo in duba lafiyarsu. Makon jiya na 250 ya koma ruwan ɗorawa, ya rubuta Caution, a daren na fara kwashe abin da ke kansa.