Godiya bayan kammala aikin adana waƙoƙin Ɗan Maraya Jos

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Alhamdu lillahi, aikin tattara tsofaffin kaset-kaset da fayafayen marigayi Alhaji Adamu Ɗan Maraya Jos da juye su cikin kwamfuta ya kammala. Zaman sauraren da aka yi alkawari ma an yi shi lafiya, an tashi lafiya. A madadin masu kula da aikin muke miƙa wannan godiya, kuma za mu ɗan tsawaita, domin da yawa daga cikin waɗanda suka halarta sun nemi a rubuta musu yadda aka yi, ko za su yi wa wasu mawaƙan irin wannan hidima.

Godiyar farko ta iyayenmu ce maza da mata da suka buɗe akwatunansu suka ba da aron kaset. Ba ƙaramin abu ba ne mutum ya miƙa abin da ya ajiye shekara talatin ko arba'in ga wanda bai sani ba. Wasu kaset ɗin sun zo garas, wasu ƙura ta cika su, wasu fumfuna ta yi fari a gefen zaren, wasu kuma rana ta lanƙwasa kwanson. Babu wanda aka raina. Sau da yawa ma kaset ɗin da ya fi muni a ido shi ne yake ɗauke da waƙa cikakkiya, wadda a sauran kwafen an datse mata wutsiya saboda gefen kaset ya ƙare wa mai kwafa.

Muna godiya ga dattawan da suka yi jawabi a kan rayuwar marigayin, domin su suka fahimtar da matasa dalilin wannan wahala. An haifi Adamu Wayya a Bukuru kusa da Jos a 1946. Mahaifinsa makaɗin Sarkin Hausawan Bukuru ne, ya rasu yana jariri, mahaifiyarsa ma ba ta daɗe ba ta bi shi, Sarkin ya riƙe shi. A wata tafiya Maiduguri ya ga kuntigi ya kama, bai sake shi ba har Allah ya karɓi ransa a Jos ranar 20 ga Yuni, 2015. Abin da dattawan suka fi jaddadawa shi ne inda ya karkata waƙarsa. Ɗan makaɗin fada ne, hanyar yabon sarakuna da attajirai a buɗe take gare shi, ya kuma yi yabon. Amma waƙar da ta fara fito da shi ta karen mota ce, yaron da yake lodin fasinja, ya canza taya, ya tura mota idan ta mace. A lokacin yaƙin basasa, daga 1967 zuwa 1970, ya yi wa sojojin tarayya waƙoƙi. Bayan haka ya shiga cikin gidajen mutane da zancen auren dole da saki da gulma da lalaci da halin ɗan Adam.

A ganinmu gwanintarsa tana cikin yadda yake gyaran hali ba tare da ya kama sunan kowa ba. Zai zana maka mutum da ɗabi'arsa har ka yi dariya, sai ka gama dariyar ka tarar da maƙwabcinka ake nufi, ko kai kanka. A Gulma Wuya shi kaɗai ne magulmaciyar da take haɗa baki da boka tana raba aure, shi ne matar, shi ne mijin, kowa da muryarsa. Babu tarin makaɗa da za su rufe masa baya, tsirkiya ɗaya ce da baki. Saboda haka idan kalma ɗaya ta dushe a kaset, habaicin ya tafi. Wannan shi ne ma'aunin da aka ɗora aikin gaba ɗaya a kansa: a ji kowace kalma yadda ya furta ta.

Su masu gyaran rediyo da rikoda da suka ba da lokacinsu kyauta, Allah kaɗai zai biya su. Kafin a saka kowane kaset a na'ura, sai an ɓalle 'yan haƙoran nan biyu na samansa, don ko hannu ya kuskure ya danna maɓallin ɗauka, ba zai goge komai ba. Daga nan a duba ɗan soson da yake ƙarƙashin zare a tsakiyar bakin kaset. Shi yake manna zaren da kan rikoda, wato ɗan ƙarfen da yake karanta sautin da yake jikin zare, kuma gam ɗinsa yakan bushe ya faɗi. Idan babu shi, sauti zai fito a shaƙe ko ya riƙa ɗaukewa. Maganinsa a kwance sukurorin kwanson, a mayar da zaren cikin wani kwanso mai lafiya. Kwanson da aka liƙe da gam ba sukuru ba, sai an tsaga shi a hankali ta gefe. Zaren da ya tsinke da salatif na musamman na haɗa zaren kaset ake haɗa shi, ta bayansa. Salatif na ofis yana narkewa ya manne zagaye da zagaye, ya ɓata abin da yake lafiya.

Kaset mai fumfuna ba a kunna shi. Ware shi ake yi daga sauran, a bar shi a wuri busasshe har fumfunar ta koma gari, sannan a goge zaren da ƙyalle marar gashi, mai aikin yana sanye da takunkumi. Kunna shi a haka yana shafa wa kan rikoda, daga nan ta bi duk kaset ɗin da aka saka bayansa. An kuma yi kaffa-kaffa da kaset na C120, mai awa ɗaya a kowane gefe, domin zarensa ya fi na C60 da C90 siranta, shi rikoda ta fi saurin taunewa.

Ita kanta rikodar an canza mata bel. Zaren kaset yana tafiya santimita 4.76 a daƙiƙa, kuma bel ɗin da ya saki yakan sa gudun ya riƙa hawa da sauka. A kiɗa mai ganguna da yawa ba kowa zai lura ba, amma a kuntigi nan take za ka ji tsirkiyar tana rawa kamar makaɗin ne ya kasa. Bayan kowane kaset ana goge kan rikoda da ɗan sandan ƙarfen da yake jan zare da auduga da sifirit, a goge robar da take matse zaren, a jira su bushe. Sai kuma gyaran da ya fi kowanne amfani, wanda mutane suka fi mantawa da shi. A gefen kan rikoda akwai ɗan sukuru mai daidaita tsayuwarsa. Kowane kaset a kan na'ura daban aka ɗauke shi, kan wata ya ɗan karkata dama, na wata hagu. Sai a haɗa sautin dama da hagu ya zama ɗaya, a riƙa juya sukurun kaɗan-kaɗan da sukudireban da ba shi da maganaɗisu, har a kai inda "s" da "ts" da "sh" suka fito tar. Kowane gefen kaset sai an yi masa nasa. Baitocin da aka ɗauka sun ɓace, da yawansu a nan suka dawo.

Wani abin da ya ba da wuya shi ne kaset ɗin da aka ɗauka da rikoda mai raunin batir. Lokacin ɗauka zaren yana tafiya a hankali, da aka kunna shi da gudu daidai sai murya ta sirance, kiɗa ya yi sauri. Inda aka ɗauka da wutar lantarki kuwa, akan samu ɗan gurnanin wutar a ƙarƙashin sauti, wanda a Najeriya zagaye 50 ne a daƙiƙa. Idan kwamfuta ta nuna shi sama ko ƙasa da haka, an san gwargwadon gyaran gudun da za a yi. Fayafayen garmaho an wanke su da tataccen ruwa da burushi mai laushi, ana bin layin zanen faifan, aka kunna kowanne da gudunsa, zagaye 33 da sulusi ko 45 a minti.

Matasan da suka zauna gaban kwamfuta su ma mun gode musu. An juye komai a tsarin WAV, wato fayil ɗin sauti da ba a matse shi ba, a ma'aunin inganci na 24 bit da 96 kilohaz, wanda awa ɗaya take cin kusan gigabait 2. An bar tazara a ma'aunin ƙarar sauti don kada ya kai ƙarshe ya fashe, domin sautin da ya fashe a kwamfuta ba ya gyaruwa. Kwafin farko ba a taɓa shi ko kaɗan, da shuuu ɗinsa da tarin mai ɗauka da kukan zakara idan akwai. A kwafi na biyu ake gyara. A nan muna roƙon duk mai niyyar irin wannan aiki ya yi hattara da manhajojin cire hayaniya. Suna share shuuu ɗin kaset, amma a wurin da shuuu ɗin yake nan ne ƙarar tsirkiyar kuntigi da kaifin baƙaƙen magana suke. Aka matsa da yawa sai waƙa ta fito fes, muryar kuma ta koma ta wani mutum daban. Gara a bar 'yar hayaniya a ji Ɗan Maraya. Kwafi uku aka ajiye, a kan ma'adanai iri biyu, ɗaya a wani gini daban. MP3 na sauraro ne kawai, ba na ajiya ba.

Malamai da ɗaliban Hausa da suka rubuta baitocin sun yi haƙuri matuƙa. Kowace waƙa mutum biyu ne suka rubuta ta, kowa shi kaɗai, sannan aka gwada. Inda suka saɓa, a kai wa dattijo ya saurara. Inda dattijon ma bai tabbatar ba, a bar gurbi a sa alama, ba a cike da zato. Ba a gyara masa Hausa ba, kalmar da ya gutsure don ta hau kiɗa an bar ta a gutsure. A waƙoƙin da yake sauya murya an rubuta wanda yake magana a farkon kowane layi, in ba haka ba mai karatu zai jingina wa mawaƙin maganar da ya sa a bakin magulmaciya don ya tona ta. Wannan kuskure ne da yake juya ma'anar waƙar habaici gaba ɗaya.

Game da shekarun waƙoƙi, abin da aka rubuta a jikin kaset yawanci ranar kwafa ce, sunan waƙar ma sau da yawa mai kwafar ne ya raɗa. An fi dogara da abin da waƙar ta ambata. Naira ta fara aiki a Janairun 1973, Jihar Filato an ƙirƙiro ta a 1976, don haka waƙar da ta kira ɗayansu ba za ta riga wannan shekara ba. Ambaton fam da sule kuwa ba hujja ba ce mai ƙarfi, tunda mutane sun ci gaba da faɗarsu bayan an canza kuɗi.

A wurin zaman, mai haɗa kuntigi ya nuna wa yara yadda ake yi: gwangwanin sadin, fatar akuya da aka jiƙa aka ja ta a kai ta bushe, sanda, tsirkiya ɗaya. Ya nuna yadda danshi yake sa fata ta saki sauti ya mutu, da yadda ɗan ɗumi yake mayar da ita. Mun gode masa, mun kuma gode wa mai kula da lasifika. Kuntigi ba shi da ƙara, murya tana danne shi. Mai lasifikar ya ba kuntigi makirufo nasa kamar taƙi ɗaya daga fatar, ya ba murya nata, ya sa lasifikoki a gaban makirufo suna fuskantar jama'a, shi ya sa ba a ji kuwwar nan mai huda kunne ba ko sau ɗaya.

Masu tambayar yaushe za a ɗora waƙoƙin a YouTube da Facebook, ku yi haƙuri, ba namu ba ne. Lauyoyin da suka ba mu shawara, waɗanda su ma muke gode musu, sun bayyana cewa a dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, waƙa tana da kariya har shekara 70 bayan ƙarshen shekarar da mai ita ya rasu, wato nasa har ƙarshen 2085, sannan sautin da aka ɗauka yana da nasa haƙƙin daban na shekara 50. Mallakar kaset ba ta ba mutum ikon yaɗa abin da yake ciki. Yaɗawa sai da izinin magada da masu haƙƙin ɗauka. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana magana a kan haƙƙin talaka, bai dace a ci haƙƙin iyalinsa da sunan ƙaunarsa ba.

Za a mayar wa kowa da kaset ɗinsa da lambar da aka ba shi ranar karɓa. Don Allah a ajiye su a tsaye cikin kwansonsu, a wuri mai sanyi marar danshi, nesa da lasifika da duk abin da yake da maganaɗisu, kada kuma a bar su cikin mota a rana. Wanda yake da kaset ɗin da ya tsinke ko ya yi fumfuna, kada ya jefar, kada kuma ya gwada kunnawa, ya kawo a duba.

Allah ya saka wa kowa da alheri, ya jiƙan Alhaji Adamu Ɗan Maraya, ya albarkaci bayansa. Amin.